Ranar da Na Ci Sallah Cikin Likkafanina

Zuwa ga Hajiya Shatu, sanyin idona, zumar da ƙudan zuma suka gaza yin irinta, ruwan farkon damina a kan rufin kwanon Zangon Wagadugu, inuwar mangwaron da nake fakewa a ciki tun gemuna yana baƙi wuluk. Gaisuwa mai ɗumbin yawa daga mijinki Dalhatu mai yadi, wanda kika bari da tukunya wayam, kika buga motonki mai ƙafa biyu kika tafi unguwar Dasasgo gidan ƙanwarki Zainabu.

Haba Hajiya! Tun da kika fita gidan nan ya koma kango. Benga, dafaffen waken nan, nake ci a bakin titi kamar gwauro, waken yana ramuwar gayya a cikina. Na kira tarhonki kin ƙi ɗauka. Na aika saƙon murya, aka ce jikokin Zainabu kika kunna wa suna ta dariya. To ga takarda. Kunne na san kina toshewa, ido kuwa ban taɓa ganin kin toshe ba.

Kin tuna safiyar Babbar Sallah? Kika shigo fuskarki tana sheƙi, kika ajiye mini ƙunshi a kan gado: babbar riga fara sol, da 'yar ciki da wando, ɗinkin Salifu tela na unguwar Dapoya. Kika ce a ƙasan akwatina kika tsinci yadin, kika ce ban da marowaci wa zai ɓoye irin wannan yana yawo da koɗaɗɗiyar riga. Ina taɓa shi yatsuna suka gane shi, don ni ko a duhu na san yadi. Wanda na sayo a Makka ne shekarar da na yi aikin Hajji, na jiƙa shi da ruwan zamzam, na shanya, na ninke, na ajiye don ranar da za a naɗe ni. Likkafanina, Hajiya! Har aljihu biyu Salifu ya yi masa.

Na buɗe baki zan yi magana, sai kika juya kika nuna mini mayafinki. Da ragowar kika ɗinka, wai mu yi anko. Wayyo Allah! Wane mai imani ne zai kashe wannan murmushi? Na saka, na fesa turare, na tafi Idi. 'Yan kasuwa suna ta shafa hannun rigar suna cewa na koma ango. Ali maƙwabcinmu har da roƙo in samo masa irinsa don bikin ɗansa. Ni kuwa ina cikin sahu ina zufa, ina roƙon Allah kada Mala'ika ya gan ni a shirye ya ce bari ya rage aiki.

Da hidima ta lafa na gaya miki gaskiya. Kika wurgar da mayafin kamar kin ga maciji a ciki, kika ce da gangan na bar ki kika yafa mutuwa a kanki. To yaushe kika taɓa bari na faɗa? In na ce "mutu", kafin in kai ƙarshen kalmar kin yi a'uziyya, kin ce bakina ya sari ɗanyen kashi, kin tashi duba tukunyar da ba a ɗora ba. Ran nan da na ce mu tattauna inda za a binne ni, hayaƙi kika yi wa ɗakin har sai da na fita ina tari.

Ya ke hasken gidana, ke kika raka ni wurin likita. Ya daɗe yana bayani da Faransanci yana nuna hoton ƙirjina, ke da kika yi lakwal, wato boko, kika juyo kika ce wai cewa ya yi in rage gishiri. Duk wannan dogon jawabi gishiri ne? Faransancina na ciniki ne, amma na san kalmar zuciya, na kuma san kalmar gajiya. Ban ji haushinki ba, wallahi. So ne ya yi fassarar.

Amma ga abin da yake ci mini rai. Kin san halinmu mu Kanawan Zango: mutum ya yi shekara da shekaru a nan, ranar da ciwo ya kayar da shi sai dangi su ce a kai shi gida. Haka aka yi wa aminina Malam Kabo. Bakinsa ya riga ya rufe, bai taɓa gaya wa kowa abin da yake so ba, matarsa tana kuka aka shimfiɗa shi a bayan mota. Jandarma su tsayar, rami ya jijjiga, zafi ya gasa. Bai kai Kano ba. Tsakanin Doso da Ƙonni a ƙasar Nijar rai ya yi halinsa, aka binne shi a ƙauyen da ba wanda ya san sunansa. Direban ya ce mini har ƙarshe idon Malam Kabo a buɗe yake, ba abin da yake gani sai ƙeyar shi direban.

Yanzu ƙanena Fa'izu ya fara bugo tarho daga Kano yana tambayar jikina, yana ce mini motarsa lafiyarta ƙalau. Na san ma'anar wannan gaisuwa. Ranar da harshena ya yi nauyi, wa zai tsaya a bakin ƙofa ya ce a'a? Ke ce. Amma in ba a ji daga bakina ba tun ina da baki, za su ce kukan mace ne, su ba ki haƙuri, su ɗauke ni. Gida! Ina ne gidan? Ni inda kike shanya wanki nan ne gidana.

Abin da nake so ba shi da yawa. In likita ya ce magani ya ƙare, a cire mini robobin nan a dawo da ni ɗakinmu, kan gadon nan mai ƙara. Ki riƙa ɗiga mini zomkom, ruwan geron nan, a leɓe, ki laƙƙana mini kalmar shahada da muryar nan da kike yi mini faɗa da ita, don ita kaɗai nake bi ba gardama. Liman da Ali su yi mini wanka. A binne ni a nan Wagadugu. Kuma ke ma ina so in ji naki, don ba a ba kowa takardar layi ba. In kika riga ni, Allah ya kiyaye, kada in tsaya ina wawa-wawa kamar yadda na tsaya a Idi.

Ki dawo ranar Juma'a, don girman Allah. Bayan an sauko masallaci Liman zai zo, mu kira Fa'izu a tarho kowa ya ji. Ki yi kukanki, ki yi a'uziyyarki, amma ki zauna. Na yanko sabon alawayyo na likkafani, yana kan kabad cikin baƙar leda. Na gaya miki tun yanzu, kada in dawo daga kasuwa in tarar kin yi labule da shi.

Ba gaggawa nake yi ba, Shatu. In Allah ya ara mini kwana, sai na tsufa na ishe ki. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da idona zai rufe, fuskarki nake so ya ɗauka ya tafi da ita, ba ƙeyar direba ba.

Naki a Zango, naki a ƙarƙashin ƙasa, naki ranar tashi in Allah ya yarda, mu biyu cikin anko,

Dalhatu