Baba Ya Koma Limanci, Amma Raka'o'i Suna Ɓace Masa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana, don a cikin birni in ka ambaci unguwa ka gama faɗin gida. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji, kaina ya ƙulle.

Ni ce babba a wajen mahaifinmu, ina aure a Tukur-Tukur, ina koyarwa a firamare. Baba shi ne limamin ƙaramin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Bara bayan babbar Sallah yana dawowa daga ta'aziyya ta wajen Ƙofar Gayan wani mai babur ya buge shi, kansa ya daki bakin kwata. Ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba, da ya farfaɗo kuma hannun dama da ƙafa ba sa bin umarninsa, magana ma sai a hankali. Ƙanena yana Abuja, nasa kiran waya ne, Innarmu ga ciwon gwiwa, saboda haka kai shi fisiyo, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, da komai a kaina ya faɗa. In na tashi makaranta sai gida, sai bayan Magariba nake komawa ɗakina.

Kafin a sallame mu likitar da ke duba shi ta zaunar da ni ta yi min bayani, ta ce ƙafa za ta riga kai dawowa, abin da ya sani tun da yana nan, sabon abu ne ba ya zama. Ta ce mu daina yi masa komai, ya sa maɓallin rigarsa da kansa ko zai ɗauki rabin awa, a riƙa gaya masa abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rage hayaniya, a ba shi littafi yana rubuta abin da ya faru a yini. Ta kuma ce mai irin wannan rauni sau da yawa shi ba ya ganin abin da ya rasa. A kan barinsa ya yi abu da kansa mun sha rigima da Inna, ta ce rashin imani ne in tsaya ina kallon ubana yana kokawa da cokali, har ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Na daure, kuma alhamdulillahi yanzu yana tafiya da sanda, yana alwala da kansa.

To da ya ji ƙarfi sai ya ce zai karɓi limancinsa daga hannun na'ibi, ba wanda ya iya cewa a'a. Karatunsa yana nan garau, in ka ji shi ba za ka ce wani abu ya same shi ba. Ƙirgen raka'a ne yake kuɓuce masa. Ya yi sallama a raka'a uku a La'asar, ya miƙe ta huɗu a Magariba, in an ce subhanallah sai ya ƙara rikicewa. Rannan a tsaye ya yi shiru har sai da na'ibi ya matsa gaba ya ƙarasa da mutane. Ya dawo gida yana cewa an yi sallah lafiya.

Ladan da wani Alhaji, dukkansu abokan Baba ne tun na makarantar allo, suka aika a kira ni zaure. Suka ce ba za su iya kallon idon Malam su faɗa masa ba, amma sallar jama'a amana ce. Shawararsu ita ce a riƙa tada iƙama da wuri kafin ya iso, mu kuma a cikin gida mu riƙa jinkirta shi da hira ko neman hula. Na koma wa likitar, ta ce kada a hana shi masallaci don yana taimaka masa, amma jan sallah ya yi masa nauyi a yanzu, wataƙila ya dawo wataƙila a'a, kuma gara gaskiya a hankali da a yi masa dabara, don ranar da ya gane zai daina yarda da mu gaba ɗaya.

Sai na faɗa masa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake ce min. Ya kalle ni ya ce, "Uwata, ni na sallame a uku? Kuma mutane suka bi ni?" Na ce e Baba. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Da hannunsa ya rubuta a littafin cewa ya bar wa na'ibi limanci. Washegari da Azahar ya shirya tsaf zai ja sallah, bai tuna komai ba. Na nuna masa rubutun, ya sake tambayata kamar jiya, ya sake kuka. Sau huɗu ke nan, a na huɗun ya rufe littafin ya ce har da ni aka haɗa baki a raba shi da masallacin da ubansa ya bar masa. Inna ta ce ni nake ƙara masa ciwo, ƙanena ya ce in bi dattawa kawai, maigidana kuma na ga haƙurinsa ya fara ƙarewa, yara sun fi ganin maƙwabciya a kaina.

'Yan uwa, musamman malamai da ma'aikatan lafiya da duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan, in ci gaba da faɗa masa kullum ina karya masa zuciya sabuwa, ko in yarda mu riƙa yaudarar mutumin da bai taɓa yi min ƙarya ba? Akwai wata hanya da ban gani ba? Yanzu haka Inna ta kira ni, ta ce an kusa kiran La'asar, ya naɗa rawani yana neman sandarsa. Me zan ce masa?