Dalma Biyu

Kadavu, 3 ga Mayu

Yayana Ilaitia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Cairns. Ka gafarce ni, ba gaisuwa kaɗai ta sa na rubuto ba. Tukunyar iskar mijina Vilikesa ta alminiyam ce, da iska ta kusa ƙarewa sai ta riƙa fizgo shi sama. Makon jiya ya fito daga nutson dri, kokwambar tekun nan da muke sayarwa, ƙafarsa a sandare. Hankalina bai kwanta ba. Kai ne ma'aikacin jirgin nutso: ya sake irinta, ko ya koma ta baƙin ƙarfe?

Ƙanwarka,
Makelesi

Cairns, 20 ga Mayu

Kai Vilikesa, taubashin banza,

Ina gaisuwa, in ka cancanta. Ga ta baƙin ƙarfe nan na aiko, ita ba ta tashi da mutum. Amma nauyi gare ta. Cire dalma biyu daga ɗamarar da ke nutsar da kai, tunda rogon ƙanwata ya riga ya mai da kai buhu. Kada kifaye su zaci tsibiri ne ya faɗo musu.

Ubangidanka,
Ilaitia

Kadavu, 18 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka. Mun binne Vilikesa ranar Talata.

A wurin shan yaqona, jiƙon saiwar da ake sha a majalisa, ya karanta wa maza wasiƙarka, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Taubashi ne fa, yaushe gaskiya ta taɓa fita bakinsa? Ni zai kira buhu? Ko ɗaya ba zan cire ba!" Ɗamarar kuwa da igiya yake ɗaure ta. Peniasi, abokin nutsonsa, wanda ya ciro gawarsa daga ƙasan teku, ya ce faratansa duk sun karye a kan ƙullin.

Da ni ka rubuta wa, Yaya. Ni ba ka taɓa yi mini wasa ba, da na cire su da hannuna.

Makelesi

Cairns, 2 ga Yuli

Ƙanwata,

Allah ya ba ki haƙuri. Shekara talatin ban san yadda ake yi masa magana ba sai da zolaya. Na kasa cin abinci. Na nemo tabua, haƙorin babban kifin tekun nan na al'ada, zan durƙusa da ita gaban danginsa in roƙi gafara. Ki ce in zo.

Yayanki,
Ilaitia

Kadavu, 19 ga Yuli

Yaya,

Ka zo. Danginsa za su karɓa, al'ada ce. Amma ka sauka gidan Fasto.

Makelesi