Akwatin da Ba Shi da Mai Tsaya Mishi

Zuwa ga Adda Habi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya haƙuri da fari?

Damina biyu ke nan rabona da Gatawa, duk biyun ba su yi ruwan kirki ba. Ina nan Maraɗi ina gyaran waya a rumfar wani. Na ji abin da ake faɗi kasuwar Sabon Birni, wai Jibrilla ya sayar da makiyaya. Ki karanta ma Inna wagga takarda.

Kin san 'yan akwatunan aika saƙo da na raba ma makiyaya da 'yan kabu-kabu sa'ad da sabis na waya ya ɗauke. Saƙo kan tsallaka daga akwati zuwa na kusa har ya isa. Kowanne kan tambayi maƙwabtanshi wa ke da hanya mafi kusa, ya miƙa mishi. Da haka abokina Illo ke gaya muna daga garin Isa rijiyar da ba ta ƙafe ba.

Ɓarayi suka ƙwace guda, suka sa shi yana cewa hanyarshi ta fi kusa. Sauran suka yarda. Saƙon Illo ya faɗa hannunsu, suka riga garke zuwa rijiya, suka kwashe shanu, har da na Baba da na Kawu Halliru. Shi ke nan fa. Ban ga laifin Kawu Halliru da ya tsine mini ba, mai asarar shanu ba ya tauna magana. Amma ban sayar da kowa ba, kuma ba ni bari.

Ƙanenki,
Jibrilla

Adda,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa Inna ta samu sauƙi.

Na tuna Baba a kara, kasuwar shanu: ba ya sayen saniyar baƙo sai dillali ya tsaya mishi. Haka na koya ma akwatunan da suka rage a hannuna. Yanzu ba su karɓar hanya sai maƙwabta biyu sanannu sun shaide ta. Na aika ma Illo su cikin buhun albasa.

Ranar kasuwar Isa akwatin ɓarayin ya sake cewa hanyarshi ta fi kusa, ba wanda ya kula shi. Saƙo ya zagaya ta nesa, garke ya sha ruwa ya koma lafiya.

Za ni dawo, da rana, ta tsakiyar kasuwa. Mai magana ya faɗe ta a idona.

Ga abin da na tsirar: akwati tara cikin talatin, shanun Baba huɗu, da maraƙi guda.

Ƙanenki,
Jibrilla Na'Allah