Kwalliyar da Daw Yin Nu ta wanke min

Inna,

Gaisuwa daga Mahachai, nan ƙasar Thailand. Ya ƙafar Baba?

Muna ta kwashe rufin asbestos na masana'antar da ta ƙone. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita. Ranar farko na shafa wa kumatuna tanakar da kika ba ni, hodar nan tamu ta ɓawon itace. Shugabarmu, Daw Yin Nu, ta ce, "Ke, biki za ki? Takunkumi ba ya zama a kan kwalliya." Da hannunta ta wanke min. Ashe ƙurar nan ce ta kashe mijinta. Sai ta duba takunkumin kowa take saka nata.

Tarin da nake yi na sanyi ne, kada ki damu. Amma ta ce gobe asibiti, da kanta za ta kai ni.

Ki sa min albarka.

'Yarki,
Thuzar