Kibiyoyin da Na Saki a Kan Wendleby

Sansanin Bakin Teku
Maris, 1916

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Hester,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Maud. Yaya tarin nata? Ni lafiya lau, sai dai sanyi da shayin sansani mai kama da ruwan wanki.

An kawo mana sabon makamin da za mu tari jirgin balan-balan na Jamusawa, wannan ƙaton da ke zubo mana bam. Wai kibiyoyin ƙarfe ne masu ƙugiya, cike da albarushi, a cikin akwati gefen kujerata a ƙaramin jirgin da nake tuƙawa. Harsashi huda shi kawai yake ya wuce, shi ya sa dole in hau samansa in sako masa su, su maƙale a jikinsa su kama da wuta. Abokina Percy da ya gan su sai ya ce, "Kai Aldous, allura aka ba mu mu soke gajimare!" Mun yi dariya. Amma kibiyar da ta kuskure ba a sama take tsayawa ba, ƙasa take zuwa, kuma wanda ke ƙasa namu ne.

Hester, kogin garinmu Wendleby jirgin nan yake bi in ya shigo. Don Allah ki ɗauki Maud ku tafi wajen Inna Edith a kan tudu.

Naki har abada,
Aldous

Afrilu, 1916

Hester tawa,

Ina gaishe ki, ki shafa min kan Maud. Na ga amsarki. Wai ba za ki bar kaji da shukar dankali ba! Taurin kan nan naki da na aure ki dominsa, yau shi ya hana ni cin abinci.

Mun binne Percy ranar Talata. Dokarmu ita ce, in ba ka sami jirgin ba, ka zubar da kibiyoyin a teku kafin ka sauka. Hazo ya rufe masa ƙasa, ya ƙi saki don bai san ko kan gidaje yake ba. Ya sauka da su, tayar jirginsa ta bugi kunyar gona, suka fashe. Ba a bar mu mun buɗe akwatin gawar ba.

Tsoro nake ji, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. Ki tafi.

Mijinki,
Aldous

Afrilu, 1916

Hester,

Ina fatan kina lafiya.

Jiya na sami jirgin balan-balan ɗin. Yana ƙarƙashina, baƙi ƙirin, ya fi layin gidanmu tsawo, a ƙarƙashinsa kuma hasumiyar cocin Wendleby. Da na jira ya wuce gari, da ya gama juye muku abin da ya ɗauko. Na saki duka. Ban ga ko ɗaya ta kama shi ba, ya yi sama ya ɓace. Da na juyo sai na hangi wuta a wuri biyu bayan coci, ta wajen gidanmu.

Kyaftin ya dafa ni ya ce, "Bam ɗinsu ne, yarona, je ka kwanta." Ina ya sani? An hana ni fita, waya kuma ta katse.

Ba sai kin yafe min ba. Ko zagi ne ki rubuto, in dai da hannunki ne.

Naki,
Aldous