Wurin Yana Da Mai Shi

Sabon Gari, Maraɗi
8 ga Mayu, 1994

Zuwa ga Uwar Tahira,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ƙafar Inna kuma tana samun sauƙi. Ki miƙa mata gaisuwata ta girma. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai kuma tuwon Tahira, wanda har yau bai yanke shawarar ko tuwo zai zama ko kunu ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali Tibiri ba nisa. Kin ga zuwana ranar Juma'a: na durƙusa na gaida Inna, na gaida ƙannenki, saura kaɗan in gaida akuya, amma ke ban samu in ce miki komai ba sai "ya mai jiki". Gidan surukai ba wurin shawara ba ne. Tun da kin sha wahalar karatun manya, bari ya yi mana rana. Ɗanlami direba zai riƙa kai miki, ya kawo mini amsa.

Sandika, ƙungiyarmu ta malamai, ta ƙara wa'adin yajin aiki, lakwal tana rufe, babu ɗalibi ko ɗaya a aji. Mijinki mushe, malamin tarihi, ya zama manomin rani. Ɗan filin da aka ba ni aro a Jiratawa ya karɓi tattasai fiye da yadda ɗalibaina suka taɓa karɓar darasi. Sai dai injin ban ruwa da tiyo da buhun taki duk suna cikin ɗakina, littattafaina sun fara warin fetur. Don haka na yanke shawarar gina ɗan ɗakin ajiya na tol, kwanon rufin nan, kafin ruwa ya sauka.

Na zaɓi wuri: bayan ɗakinki, jikin bangon gabas, inda 'yar bishiyar lallen nan take. Ya'u magini ya zo ya auna. In aka jingina shi da bangonki, bango uku za a yi maimakon huɗu, kin kuwa san tun da aka karya darajar kuɗinmu sefa tol ya koma kayan gado. Lallen za a cire, in saya miki na kasuwa, daƙaƙƙe ma.

Na san ba za ki tambaya ba, don haka bari in faɗa. Daga arewa har yanzu shiru. Na leƙa akwatinmu a gidan waya, gizo-gizo kawai na tarar. Na tambayi direbobin Agadas a tasha, babu wanda ya ga yaron nan namu mai sunan Baba. Damina biyu ke nan tun da aka rufe musu jami'a ya ɗauki jaka ya ce zai nemi aiki a Libiya. Mu ci gaba da addu'a.

Tahira da Balkisu suna gaishe ki.

Naki,
Idirisa


Sabon Gari, Maraɗi
15 ga Mayu, 1994

Uwar Tahira,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Inna, takardarki ta iso. Na yi murna da rubutunki, ya fi na wasu masu digiri tsabta. Sai dai kin yi rowar tawada. Layi uku kacal: kada a jingina komai a bangon nan, a bar kamu uku, wurin yana da mai shi.

Na juya takardar ko akwai bayani a baya, babu. Na zauna ina lissafin wane ne mai shi. Gidan nan na gada daga Baba, a iya sanina kuma bai sayar wa kowa da bayan ɗaki ba. Can sai na tuna Gwaggonki Larai tana zuwa jinya kullum, na ce to, ga bakin zaren. Mako uku a Tibiri, har an tuna miki da mutanen ɓoye.

Ba raini ba ne. Na karanta littattafan Turawan da suka zo suka zauna a ƙauyukanku suna rubuta sunayen iskoki, ina jin na fi Gwaggo Larai sanin jerinsu, da wanda yake son farin zakara da wanda yake son baƙar akuya. Amma a cikinsu ban ga wanda aka ce yana zaune a Sabon Gari bayan ɗakin matar mushe ba. In yana nan, zamanin dimokuraɗiyya ne, ya kawo ƙorafinsa a rubuce.

Don kada ki ce na yi mulkin soja, na kira babban taron ƙasa a gindin dogonyaro. Na yi jawabi. Na nuna cewa in aka bar kamu uku, ɗakin zai matso har ya tokare dogonyaron, a samu wani lungu da ba zai amfani kowa ba sai kaji da kunama. Ya'u ya goyi bayana, shi dama irin jam'iyyunmu ne, yana ƙawance da duk wanda butar shayi take hannunsa. Balkisu ta ba ni ƙuri'arta bayan na yi alkawarin za ta ajiye tukwanen wasanta a ciki. Tahira ce ta ƙi ɗaga hannu. Ta sunkuyar da kai ta ce, Baba, da an ƙara tambayar Mama. Na ce an tambaya, ta ba da amsa irin ta kakakin gwamnati.

Saboda haka rinjaye yana wajena. Amma ga ƙofa a buɗe: ki faɗa mini sunan mai wurin, in ji ko za mu daidaita.

Ki gaida Gwaggo Larai, ki ce mata ban manta da goronta ba.

Naki,
Idirisa


Sabon Gari, Maraɗi
19 ga Mayu, 1994

Atika,

Ina gaisuwa. Ina fata Inna ta fara taka ƙafar.

Wannan karon ko layi ukun ba ki rubuta ba. Ɗanlami ne ya tsaya a ƙofar gida, yana sosa ƙeya, ya ce an ce ya ce mini in aka rufe wurin nan, ko Inna ta warke kina nan Tibiri. Ya faɗa yana kallon tayar motarsa, kamar ita ce ta aiko shi.

Na daɗe a zaune bayan tafiyarsa. Shekarun da muka yi tare sun wuce ashirin. An kai ni Difa, an kai ni Dakoro, mun ci tuwo babu miya, ba ki taɓa ɗaura ɗankwali kin ce za ki gida ba. Yau a kan ɗakin tol da ko akuya ba za ta yi fahari da shi ba, za ki aiko mini da direba? Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin dalili. Ni mutum ne da aka horar da shi ya tambayi "don me", shi kaɗai na iya, shi nake koya wa 'ya'yan mutane. In kin ce bangon zai jiƙe, sai mu yi maganar indararo. In kin ce gara, akwai magani. Amma "yana da mai shi" ba abin da zan iya aunawa da metir ba ne.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Taki ba ya jiran shawara. Ya'u zai fara haƙa ramukan ginshiƙi ranar Asabar. Na faɗa miki ne don kada ki ji a bakin wani.

Naki duk da haka,
Idirisa


Sabon Gari, Maraɗi
22 ga Mayu, 1994

Zuwa ga Atika, uwar ɗakina,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Jiya da safe Ya'u ya zo da diga. Ya haƙa ramin farko ta wajen dogonyaro, ya haƙa na biyu, yana ba ni labarin wanda zai ci zaɓe mai zuwa da wanda za a ɗaure. Da ya zo na jikin bango, kusa da gindin lallen, sai ya ce ƙasar nan da laushi take kamar ana ba ta ruwa. Bai yi nisa ba digar ta taɓa wani abu. Ya sa hannu ya share. Kasko ne, an kife shi, irin ƙasan tsohon tulu. Ya yi dariya ya ce Mushe, ko dai Baba ya bar maka tukunyar azurfa, ya ɗaga diga zai fasa.

Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba. Na ce ya je ya sha shayi.

Na tsuguna ina kallon kaskon. A bakinsa akwai zanen nan na layi biyu da ɗigo, irin na tulunan marigayiya mahaifiyata, waɗanda ba ta yarda kowa ya sha ruwa a cikinsu sai da izini. Sai abin ya dawo mini. Ina Difa aka aiko cewa kin sauka kafin lokaci, cikin ruwan sama, ba a samu kai ki Tibiri haihuwar fari ba, tsohuwata ce ta karɓa a cikin ɗakin nan naki. Na zo suna, na yanka rago, na sha barka, na koma. Abin da mata suka binne a bayan ɗaki ba a gaya wa maza, ni ma ban tambaya ba. A littattafan nan da na yi miki fahari da su akwai babi guda a kan yadda mutanenmu suke binne mabiyiya da cibiya, da yadda ake cewa duk inda mutum ya je ƙasar da ta riƙe cibiyarsa tana kiransa. Har layi na ja a ƙarƙashin wurin da jan biro. Ban taɓa ɗaga kai na duba ta taga ba.

Ban ɗaga kaskon ba. Na mayar da ƙasar da hannuna.

Sannan na gane laushin ƙasar. Kullum da safe in kin gama alwala, sauran ruwan butar a gindin lallen nan kike juyewa. Ina gani, na ɗauka son lalle ne. Da na tambayi Tahira, ta ce tun da kika tafi ita kika bar wa butar, ba ki ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ashe a gidan nan ni kaɗai ne mai tambaya, ni kaɗai ne kuma ban sani ba.

Na ce ki faɗa mini sunan mai wurin. Na nemi ki faɗi sunan da ba ki taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi, ke da duk unguwa take kira Uwar Tahira alhali kowa ya san ba ita ce ta fari ba. Kin ba ni amsa iyakar inda kunya ta bar ki, ni kuwa na tafi neman aljani.

Ba zan ce miki na yarda kasko yana dawo da mutum daga hamada ba. Kin san ni, in na faɗa ma ba za ki yarda ba. Allah ne mai dawo da matafiyi. Amma ni ina zuwa gidan waya in buɗe akwatin da na san babu komai a ciki, ke kina zuba ruwa a gindin lalle. Ban ga wanda ya fi wani hujja a cikinmu ba. Da wani ya zo ya liƙe akwatin nan da siminti don ya rage kuɗin tol, na san abin da zan aika a gaya masa.

Da Ya'u ya dawo na ce a ja ɗakin baya. Ya ce dama shi tun farko ra'ayinsa ke nan. Yanzu bango huɗu za a yi. Tol ɗin bai isa ba, gefe guda zana za a sa. Ƙofar tana bugun dogonyaro, sai an karkata ake shiga da injin, maƙwabta sun fara leƙowa suna tambaya ko sabon salon gini ne daga Faransa. Lallen yana nan, ko ganye ba a taɓa ba.

Kamu uku kika ce. Na auna da hannuna, sai na ga ya yi ƙunci, na ƙara ɗaya. Na gwada wucewa da buhun taki a kafaɗa, na wuce ban taɓa bango ba. Mutum mai jaka zai wuce.

Takarda ba ta da kunya, don haka bari ta faɗa a madadinmu sau ɗaya: wurin Ilyasu yana nan yadda kika bar shi. Yau ni na karɓi butar daga hannun Tahira. Ban san ko nawa ake zubawa ba, na juye duka. In Inna ta samu sauƙi, ki zo ki nuna mini.

Ki gaida Inna da Gwaggo Larai. Yara suna gaishe ki.

Naki har kullum,
Idirisa