Yadin da Ka Jiƙa da Zamzam

Daga teku, 9 ga Safar 1361

Zuwa ga Yaya Tijjani, Tandabawi, Makka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da yara, da Inna da ciwon ƙafarta. Ba zan faɗi inda muke ba, Bature yana karanta kowace takarda.

Jirginmu na yaƙi ne, muna raka jiragen kaya talatin. Ni ina can ƙasa ina zuba kwal a wuta. Dokar tafiyar ɗaya ce: in an harbi jirgi, saura ba sa tsayawa. Makon jiya mun ratsa ta tsakiyar mutane suna ɗaga hannu a ruwa. Ban zagi kyaftin ba, da ya tsaya da mun bi su. Amma na daina cin kifi.

Likkafanin da ka jiƙa da zamzam ka ba ni yana nan. Ranar na ji haushi, na ce yaƙi ya hana alhazai zuwa, ka rasa mai saye sai ƙanenka. Yanzu da shi nake matashin kai.

Ka gaida kowa.
Ƙanenka, Mukhtaru.

2 ga Rabi'ul Awwal

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Inna?

Rabe ya rasu, Bakanon da muke zuba kwal tare. Bam ya faɗi kusa da mu, bututun tururi ya fashe a kansa. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai ɗan Makka mai laushin hannu. Wallahi ba na sonsa, amma shi ya koya mini riƙon shebur. Na ga za su ɗinke shi cikin tamfol, sai na ɗauko yadin likkafanin nan. Mu huɗu muka yi masa salla, ko gudu jirgin bai rage ba.

An mayar da ni jirgin man fetur, masu kula da wutar injinsa sun gudu a tashar jiragen ruwa. Jibi za mu tashi. Na so in roƙe ka wani yadin, sai na tambayi tsofaffin ma'aikata. Sun ce tun da aka fara yaƙin nan ba su ga an sa wa ɗan jirgin man fetur likkafani ba, wuta ba ta barin gawa. Halas, shi ke nan, kada ka wahalar da kanka.

In Inna ta tambaya, ka ce yadin yana nan cikin akwatina.

Ka yafe mini haushin ran nan. Wassalam.
Ƙanenka, Mukhtaru.